An Sa Hannu a Yamai, Me Ya Sa Ba a Gani a Illela Ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne nan Sakkwato, albasa nika saye Wurno da Goronyo in kai Ghana, wani lokaci kuma in taɓa fatu. Tun 2019 munka ji ga rediyo an ce Najeriya ta sa hannu ga yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta Afirka, ba sauran biyan kuɗin fito. To har yau in mota ta tashi, abin da muka kashewa bisa hanya ƙaruwa yake yi. Wani ya ce mani sai an canza dokokin ƙasa tukuna. Shin mi ya rage? In shugaban ƙasa ya sa hannu ba shi ke nan ba? Kuma ina iya zuwa kotu in an amshi kuɗina saɓanin wagga yarjejeniya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki: ko sa hannun shugaban ƙasa ya isa ya mayar da yarjejeniya doka, waɗanne dokoki ne ake cewa sai an taɓa, sannan ko kai ɗan kasuwa kana da ƙofar shiga kotu. Wanda ya ce maka sai an canza dokokin ƙasa ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa ba. Akwai abin da aka riga aka canza. Akwai wanda yake nan yadda yake. Akwai kuma kuɗin da kake zubarwa a hanya wanda tun fil azal babu dokar da ta halatta shi, don haka ko an yi sabuwar doka goma ba zai daina ba sai an sami mai hanawa.

Yadda aka zo nan

Ranar 21 ga Maris 2018 ƙasashe 44 suka sa hannu a kan yarjejeniyar AfCFTA, wato wannan ta kasuwanci marar shinge ta Afirka da kake magana a kai, a Kigali. Najeriya ba ta cikinsu. Shugaba Muhammadu Buhari ya fasa tafiyar dab da lokaci, bayan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyar ƙwadago ta NLC sun yi ca, suna cewa ba a shawarce su ba, kuma za a mayar da ƙasar juji na kayan wasu. Sai da aka kafa kwamiti ya zagaya ya ji ta bakin jama'a, sannan ya sa hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019. Wannan ne labarin da ka ji a rediyo. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a Nuwamba 2020, aka miƙa takardar amincewar ga Tarayyar Afirka a farkon Disamba, aka kuma ayyana 1 ga Janairu 2021 a matsayin ranar fara ciniki. Amma kayan farko da Najeriya ta fitar da sunan wannan yarjejeniya sai a Yuli 2024 suka bar tashar Apapa, su ma a ƙarƙashin wani shirin gwaji da aka ƙaddamar a Accra a 2022. Jadawalin rage kuɗin fito kuwa sai a Afrilu 2025 aka buga shi a gazet, wato jaridar gwamnati.

Abin kamar aure ne. Sa hannu baiko ne, amincewa da miƙa takarda ɗaurin aure ne, shigar da ita cikin dokar ƙasa kuma shi ne tarewa. Daga ɗaurin aure dangin amarya suna da bakin tuhumar ango, amma 'yan gida ba sa cin girkinta sai ta tare. Tun Disamba 2020 sauran ƙasashen Afirka suna iya riƙe Najeriya da alkawarinta. Jami'in kwastan da ke zaune a Illela kuwa ba ya aiki da alkawarin da aka ɗauka a Yamai, yana aiki da doka da kuma takardar umurnin da ta fito daga hedkwatarsu a Abuja.

Sashe na 12

Tushen maganar yana cikin sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Ƙaramin sashe na farko ya ce babu wata yarjejeniya tsakanin Tarayya da wata ƙasa da za ta sami ƙarfin doka sai gwargwadon abin da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta mayar doka. Hikimar ba ɓoyayyiya ba ce. Ƙulla yarjejeniya aikin ɓangaren zartarwa ne, yin doka aikin majalisa. Da sa hannu kaɗai ya isa, da shugaban ƙasa zai iya hawa jirgi ya je wani taro ya dawo ya soke dokar da wakilan jama'a suka yi, ba tare da an tambaye su ba. Wannan tsari gado ne daga Ingila. Ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, irin Nijar da Benin, al'adar shari'arsu daban ce: yarjejeniyar da aka amince da ita aka buga a jaridar gwamnati tana hawa saman dokar gida kai tsaye, muddin ɗaya ɓangaren ma yana cika tasa. Shi ya sa za ka ji abokin cinikinka na Ƙonni yana mamakin abin da muke jira. Ko da yake, mu faɗi gaskiya, su ma abin da ke takarda daban, abin da jandarma ke yi a hanya daban.

Kotun Ƙoli ta warware wannan a shekarar 2000, a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi. An tsare Fawehinmi, lauya mai fafutukar kare haƙƙin jama'a, a 1996, ya kafa hujja da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi. Kotu ta ce yarjejeniyar da ba a mayar doka ba ba ta ɗaure kotunan Najeriya, amma wannan tunda an mayar da ita doka tun 1983, dole a yi aiki da ita, tana ma da wani fifiko a kan sauran dokoki, sai dai tana ƙasa da Kundin Tsarin Mulki. Togaciya guda da na sani ita ce ta harkar ƙwadago, inda gyaran 2010 ya ba Kotun Ma'aikata damar amfani da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su. Kasuwanci bai sami wannan gata ba.

Akwai wani lungu a sashen da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma ya shafe mu a jihohi. Idan abin da yarjejeniyar ta taɓa yana cikin jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar kuɗin fito da ciniki tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, Majalisar Ƙasa ta wadatar. Idan kuwa ya fita daga wannan jeri, ƙudirin ba ya zama doka sai mafi rinjayen majalisun jihohi sun amince, wato 19 cikin 36. Mun ga yadda irin wannan ke jan lokaci a dokar haƙƙin yara: Abuja ta yi tata a 2003, Sakkwato ba ta yi tata ba sai 2021, bayan an daidaita ta da addini da al'adar wurin. AfCFTA galibinta na Tarayya ne, amma kasuwanni, harajin ƙananan hukumomi, filaye da duba lafiyar dabbobi a cikin jiha duk suna taɓa ikon jiha.

Abin da aka canza ba tare da majalisa ba

Za ka ce to in haka ne, yaya aka yi aka rage kuɗin fito a 2025? Dokar jadawalin kuɗin fito ta 1995 ta riga ta ba shugaban ƙasa ikon ƙarawa, ragewa ko cire duti ta hanyar umurni. Majalisa ce ta ara masa wannan iko tun da daɗewa, shi ya yi amfani da shi. Don haka ɓangaren duti bai tsaya jiran sabuwar doka ba.

Amma "babu duti" ɗin da aka faɗa a rediyo yana da sharuɗɗa. An kasa kaya kashi uku. Kashi 90 cikin ɗari na layukan kaya za a sauke dutinsu zuwa sifili a hankali, cikin shekara biyar ga ƙasashe masu ɗan ƙarfi, goma ga masu rauni. Kashi 7 ana kiransu masu tsada a zuciyar ƙasa, an ba su shekara 10 zuwa 13. Kashi 3 kuma kowace ƙasa ko ƙungiya tana iya ware su gaba ɗaya. Najeriya ba ta miƙa jadawalinta ita kaɗai ba, na ECOWAS ne na bai-ɗaya, saboda tun 2015 muna kan jadawalin fito guda mai hawa biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. In kaya na biyan 20, aka ce a sauke cikin shekara goma, biyu ne ke fita kowace shekara. Sannan ragin na kayan da asalinsu na Afirka ne kawai, kuma tsakanin ƙasashen da kowacce ta buga nata jadawalin.

Batun asali shi ne inda na fi ganin mutane suna faɗawa rami. Wani matashi ya taɓa zuwa wurina da hoton labari a wayarsa, yana so in rubuta wa kwastan wasiƙa a sakar masa atamfa da ya saro a Kwatano, wai ai Benin Afirka ce. Na juya bakin turmin na nuna masa inda aka buga. Kayan Sin ne, sun dai sha iskar Kwatano. Haka shinkafar Tailan da Indiya: ko sau nawa aka sauya mata buhu a Maraɗi ko Ƙonni, ba ta zama 'yar Afirka. Kaya na samun asali ne in an noma shi ko an haife shi ko an haƙo shi a ƙasar, ko kuma an sarrafa shi sarrafawa ta gaske da ta kai ma'aunin da aka gindaya wa irinsa. Tufafi da motoci su ne aka fi daɗewa ana jayayya a kan ƙa'idarsu.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki, Alhaji. Albasarka zuwa Ghana ba ta taɓa buƙatar AfCFTA ba. Tun 1979 ECOWAS ta yafe duti a kan amfanin gona, dabbobi da aikin hannu da ke yawo tsakanin ƙasashenta, a 1990 aka faɗaɗa zuwa kayan masana'anta. Shi ne tsarin ETLS. AfCFTA kanta ta ce inda wata ƙungiyar yanki ta riga ta yi nisa, a ci gaba da nata. Wato a takarda, albasar Wurno ta fi shekara arba'in tana da 'yancin shiga Kumasi ba duti. Inda sabuwar yarjejeniyar za ta yi mana rana shi ne kasuwannin da ke wajen ECOWAS, irin Kamaru, Chadi, Gabon, Aljeriya, Masar da Kenya, ga tafarnuwa, riɗi, zoɓo, jemammiyar fata da simintin Kalambaina.

Sai kuma Nijar, wadda ta zama wani babi daban. Ita da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairu 2024, ficewar ta tabbata 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu a kan tsarin ETLS har sai an ga hali, su kuma a Maris 2025 suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Motar da ta bi ta Ƙonni da Dosso da Yamai ta ratsa Burkina, yanzu ƙasa biyu take ketawa waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Zaman "har sai an ga hali" ba abin da ɗan kasuwa zai gina jari a kai ba ne. In wannan lamuni ya yanke, AfCFTA ce igiyar da ta rage tsakaninmu da Nijar, domin Nijar ta amince da ita tun kafin mu, shugabanta na lokacin Mahamadou Issoufou ne ma ya jagoranci tafiyar a Tarayyar Afirka. Don haka mu mutanen Illela, Gada, Tangaza da Sabon Birni mun fi na Legas buƙatar a gyara dokar nan da kyau.

Inda dokokinmu ke karo da alkawarin

A nan ne gizo ke saƙar. Yarjejeniyar ta hana ƙasa ta toshe shigowa ko fitar kaya da haramci ko ƙayyade adadi, sai a wasu 'yan yanayi, kamar matsanancin ƙarancin abinci na ɗan lokaci, lafiyar mutane da dabbobi, ko tsaro. Mu kuwa siyasar kasuwancinmu ta ginu ne a kan haramci. Akwai dokar hana fitar da kaya ta 1989 da ta lissafa masara, shinkafa, wake, doya da rogo. Akwai jerin kwastan na kayan da ba a fitarwa, wanda ɗanyar fata ke ciki. Akwai jerin waɗanda ba a shigowa da su. A Agusta 2025 ma an dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida. Kowanne yana da dalilinsa. Haramcin ɗanyar fata, alal misali, don majemun Kano da dukawanmu su sami abin aiki ne, kada fatar jan akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, ta ci gaba da fita da gashinta wasu su ci ribar jima. Ni ban ga laifin manufar ba. Amma in ƙasar Afirka ta ƙalubalanci hanyar, za mu sha wuya wajen kare ta. Yarjejeniyar ta bar wata ƙofa: ƙasa na iya sa harajin fitarwa, in dai ta sa wa kowa daidai kuma ta sanar da sakatariya da ke Accra. Mayar da haramci zuwa haraji aikin gyaran doka ne.

Na biyu, kuma a ganina mafi girma, shi ne ikon rufe iyaka. Ba a yi wata biyu da sa hannu a Yamai ba, a Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Illela ba sai 16 ga Disamba 2020, tare da Seme, Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata gefen. Kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa da albasa in ta kwana bakwai a cikin tirela a rana. Babu wata dokarmu da ta ce kafin a rufe a ba da sanarwar kwana kaza, ko a bar kayan da ke hanya su wuce, ko a kawo wa majalisa dalili. Muddin wannan giɓi yana nan, ragin duti ado ne kawai.

Na uku shi ne naka na kullum. Wani ɗan kasuwa ya taɓa shigowa ofishina da baƙar leda, ya zazzage ta a kan tebur. Rasit ne kala-kala na tafiya guda: na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, na lodi da saukewa, na tsabtar muhalli, na amfanin gona. Wani da hatimi, wani babu, wani an yago shi daga littafin makaranta an rubuta kuɗin da jan biro. Muka zauna muka kasa su. Tsibi ɗaya kuɗi ne da doka ta sani. Tsibi na biyu harajin gaske ne amma an karɓe shi a inda bai kamata ba, ko an karɓa sau biyu. Na uku, wanda ya fi tudu, babu uwa babu uba. Ko ɗaya a ciki ba dutin kwastan ba ne. Dokar haraji ta 1998 ta fito ƙarara ta hana kowa kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Ga doka, ga shinge, suna kallon juna shekara da shekaru. Wanda ma ba a ba da rasit a kai, na "a ba yara ruwa", bai shigo ledar ba.

Na huɗu, masu masana'anta suna da tsoron da ya dace a saurara. In aka buɗe ƙofa wata ƙasa ta riƙa turo kaya ƙasa da kuɗin yinsu don ta kashe namu, da me za a kare? Yarjejeniyar ta yarda a ɗauki matakin kariya, amma sai an yi bincike a bayyane, an ji kowane ɓangare. Dokarmu ta wannan fanni ta 1958 ce, ta girmi 'yancin kai. Rashin sabuwa da hukumar bincike mai ƙarfi na cikin dalilan da ke sa gwamnati ta riƙa rarumar haramci, don shi ne sandar da ke kusa da hannu.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan cinikin kasuwa, ta ce baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya. Da ita aka riƙa rufe shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 'yancin zama da sana'a. Can ma dokar gida ce ta kayar da alkawarin waje.

Ta wace hanya za a gyara?

Hanyoyin da aka saba bi ba su da yawa. Ana iya yin gajeriyar doka a ce wannan yarjejeniya ta zama doka, a liƙa ta a baya ɗungurungum, kamar yadda aka yi wa Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam a 1983, da Yarjejeniyar Montreal a dokar sufurin jiragen sama ta 2006. Tana da sauri. Matsalarta, AfCFTA da gwamnatoci take magana, kusan kowane sashe cewa yake "ƙasashe za su yi kaza". Bai ce Alhaji wane yana da haƙƙin kaza a kan jami'i wane ba. Ga shi kuma har yanzu girma take yi: a 2023 an ƙara mata sassan zuba jari, gasa da haƙƙin fasaha, a 2024 aka ƙara na cinikin intanet da na mata da matasa. In aka liƙa ta kawai aka bar tsofaffin dokoki a wurinsu, an tura wa alƙalai aikin da majalisa ta gudu, kowace shari'a ta ɗauki shekaru.

Ana iya kuma bin dokoki ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa. Haka aka yi da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, haka dokar kwastan ta 2023 da ta maye gurbin ta 1958 ta shigo da abubuwa da dama na sauƙaƙa fito. Wannan ya fi inganci, amma tafiyar hawainiya ce, kuma kowace ma'aikata tana kare gonarta. Saura hanyar umurnin shugaba da gazet, wadda aka fi bi zuwa yanzu. Lokacin da kayan nan suka tashi daga Apapa a 2024 babu wata cikakkiyar dokar majalisa ta AfCFTA. Aibin umurni shi ne alƙalamin da ya bayar yau yana iya karɓewa gobe.

In ni za a tambaya, doka guda nake so, matsakaiciya, wadda za ta ba sassan ciniki da asalin kaya da ratsawar kaya ƙarfin doka, ta ambaci tsofaffin dokokin da ta shafe da sunansu maimakon ta ce "duk abin da ya saɓa". Ta ɗaure ikon haramci da rufe iyaka da sanarwa, wa'adi da bayani gaban majalisa. Ta ba ɗan kasuwa damar ƙalubalantar jami'in da ya hana shi ragin da ya cancanta, cikin kwanaki, domin shari'ar da ta wuce mako albasa ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ta kuma yi wa ƙananan 'yan kasuwa sassauƙan tsari, irin wanda ƙasashen ƙungiyar kasuwanci ta COMESA ke yi a gabashi da kudancin Afirka, inda mai ɗan kaya ke cike takarda guda a bakin iyaka. Tsarin da ake da shi yanzu, na rajistar kamfani, rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, an ɗinka shi ne daidai jikin mai kwantena a Apapa. Mai buhu hamsin a Illela in ya ga wannan layi sai ya bi ta daji, a kira shi ɗan fasa-ƙwauri alhali albasar gonarsu ce. Majalisar Dokokin Jiha ma tana da nata: ta haɗe harajin amfanin gona ya zama guda, a biya a wurin lodi, rasit ɗin ya wadatar har mota ta bar jiha. Wannan ba ya jiran Abuja.

Batun kotu

A kan yarjejeniyar ita kanta, ƙofar a rufe take. Tsarin sasanta rikici na AfCFTA na ƙasa da ƙasa ne, sai gwamnatinka ta ɗauki kukanka ta kai. Kotun ECOWAS ma an gwada: wani ɗan kasuwa, Olajide Afolabi, ya kai Najeriya ƙara kan rufe iyakar Benin a 2003, kotu ta ce a 2004 ɗaiɗaikun mutane ba su da hurumin kawo irin wannan ƙara. Gyaran 2005 ya buɗe ƙofar take haƙƙin ɗan Adam, bai buɗe ta ciniki ba.

Amma kana da ƙara a kan dokar gida. In kwastan suka karɓi duti sama da abin da ke jadawalin da aka buga a gazet, ko suka riƙe kaya ba bisa ƙa'ida ba, wannan hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, akwai ta nan Sakkwato. Ka lura da lokaci, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku ta bayar a shigar da ƙara, na ga masu gaskiya da yawa sun rasa haƙƙinsu saboda sun tsaya bin manya a roƙa musu. In harajin shinge ne, ƙara ɗaya da sunan ƙungiyarku ta fi ta mutum ɗaya nauyi da arha, kuma rasit shi ne shaida, kada direba ya zubar. Abin da aka yi muku a wata ƙasa kuwa, akwai shafin intanet na AfCFTA, tradebarriers.africa, inda ɗan kasuwa ke shigar da ƙorafi a tura wa hukumomin ƙasar. Ba kotu ba ce, ba ta tilasta kowa, amma tana barin tarihi a rubuce wanda gwamnati za ta iya dogara da shi.

Ni lauya ne, ba ejan fito ba, kuma ban ga takardunka ba. Jadawalin fito layi-layi ne, kowane kaya da lambarsa, kuma umurnin kwastan na sauyawa a tsakiyar shekara, don haka kafin ka ɗaura kaya zuwa wata ƙasa wajen ECOWAS ka sa ejan mai lasisi ya duba maka lambar kayan da ragin da ƙasar ta bayar a wannan shekara. Dokokin Nijar, Burkina da Ghana kuma sai lauyan can. Fatu dai ka yi hattara: haramcin bai tsaya kan ɗanya mai gishiri ba, ya haɗa da wadda aka fara jima ba a gama ba. In ba gamammiya ba ce, ka sayar wa majema a cikin gida.